Ta yaya zan fahimtar da ɗaliban injiniya hauhawar farashi?

Assalamu alaikum malamai. An ba ni ɗaliban injiniya masu digiri na biyu in koya musu tattalin arziki, na kasuwa da na ƙasa, duk a zango ɗaya. Lissafi ba ya tsorata su. Batun farashi da hanyar Lagrange (dabarar lissafi ta nemo mafi kyawun zaɓi a cikin iyakar da aka gindaya) sun kama nan take.

Inda muka cije shi ne hauhawar farashi. Ƙasa suke ɗauka kamar inji: babban banki ya ƙara kuɗin ruwa, farashi ya sauka, shi ke nan. Na kawo musu hujjar masanin tattalin arziki Robert Lucas ta 1976, cewa mutane kan canja hali da zarar sun hango manufar gwamnati, amma ba ta zauna musu ba. Don Allah, wane misali ko wasan aji kuka gwada ya yi aiki? Kuma IS-LM, wato zanen da ke nuna alaƙar kuɗin ruwa da yawan abin da ƙasa ke samarwa, in koyar ko in tsallake?