Neman shawara: in sabunta After Effects ne, ko in koma DaVinci Resolve?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum manyan gida. Ina haɗa bidiyon biki da 'yan tallace-tallace, kuma tun da na koyi sana'ar nan manhajar haɗa bidiyo ta After Effects CS6 nake riƙe da ita, wadda ogana ya saka min. Yanzu aiki ya tsaya min a wuya. Wata hajiya mai atamfa da leshi tana so a ciro yarinyar da ta yi mata talla daga gaban shago a ɗora ta a wani bango mai kyau, alhali ba a gaban koren ƙyallen da ke sauƙaƙa cire bango aka ɗauka ba. Sakan 20 ne kacal, amma yau kwanana uku ina bin gefen mayafinta firam-firam. A wani wurin kuma wayar wuta ta ratsa saman hoton, ita ma a cire. Ga shi duk tamfilet ɗin da na sauke sai ya ƙi buɗuwa. Ina jin ana cewa sababbin manhajoji da kansu suke yin irin wannan. Gaskiya ne, ko kurin talla ne? Kwamfutata Core i5 ce, RAM 8GB, babu katin hoto na daban.

Ogan Edita:
Wa'alaikumus salam ƙanena. CS6 fa tun 2012 ta fito, ita ce ta ƙarshe da ake saya sau ɗaya a huta. Daga 2013 masu ita, kamfanin Adobe, suka koma haya. Shi ya sa tamfilet yake ƙin ka: sabuwa tana buɗe aikin tsohuwa, tsohuwa ba ta buɗe na sabuwa.

Maganar ciro mutum kuwa ba kuri ba ne. Roto Brush ɗin da ke hannunka, wato kayan ciro mutum na cikin After Effects, na farko ne, da zarar launin kaya ya yi kama da na bango sai ya rikice. A 2020 aka kawo Roto Brush 2, a 2023 kuma na 3, su ƙirƙirarriyar basira ce ke bin mutum. Ka shafa a firam ɗaya, ka bar shi ya bi ta, kai sai gyaran inda ya zame. Akwai kuma Refine Edge, wanda ya zo bayan CS6, don gashi da gefen da ba shi da kaifi. Amma kada in ruɗe ka, mayafi shara-shara har yau yana wahalarwa, domin launin shagon yana nan a cikin zaren. Wannan sai ka bi da hannu ka daidaita launi.

Wayar wuta: in a kan ƙafa aka kafa kyamarar ba ta motsi, ba ka buƙatar sabon komai. Ɗauki firam ɗaya, goge wayar a Photoshop, ka dawo da shi ka rufe wurin. CS6 ɗinka ma za ta yi. In kyamarar na tafiya ne, nan Content-Aware Fill na 2019 yake da rana: ka zagaye wayar, ya leƙa sauran firam ya ɗebo abin da ke bayanta ya cike gurbin.

Ɗan Damagaram:
Malam, ka raba kanka da biyan dala kowane wata. DaVinci Resolve kyauta ce, ta kamfanin Blackmagic na Ostireliya. Tun fitowa ta 15 a 2018 suka saka Fusion, sashen haɗin hoto irin na After Effects, a cikinta, ya zama yanka, gyaran launi, sauti da haɗin hoto duk wuri ɗaya. Kuma tana da Magic Mask, layi ɗaya za ka ja a jikin mutum ta ware shi.

Uwar Zane:
Ɗan Damagaram, ka faɗa masa duka mana. Magic Mask ba ya cikin ta kyauta, sai ta kuɗi, Studio, dala 295. Alherinta dai sau ɗaya ake biya. Sannan su kansu Blackmagic RAM 16GB suka ce, 32GB in za a shiga Fusion, ga shi Resolve ta fi jingina da katin hoto, shi kuwa ba shi da shi. Ni na gwada a irin kwamfutarsa, sai ka danna ka tafi ka ɗora shayi ka dawo.

Ga kuma koyo. After Effects shimfiɗa ce kan shimfiɗa, kamar jera tabarmi. Fusion kuwa 'yan akwatuna ne da ake haɗawa da zare, wannan ya miƙa wa wancan. In hannu ya faɗa, ya fi daɗi ga aiki mai sarƙaƙiya, don kana ganin inda komai ya bi. Amma ba da aikin hajiya a hannu ake fara koyonsa ba.

Ɗan Damagaram:
Gaskiyarki ne yaya, na manta da batun Studio.

Sarkin Gajeren Bidiyo:
Ku kuna ta dogon lissafi. CapCut a waya za ta cire bangon nan kafin ka gama alwala.

Uwar Zane:
Za ta cire, har da rabin mayafin. In a WhatsApp kawai za a saka, ba laifi, ƙaramin allo yana rufa asiri. Amma mai leshi leshinta take so a gani.

Ogan Edita:
Bari in ƙara abin da na bari ɗazu. Sabuwar After Effects ma 16GB take nema. Multi-Frame Rendering da aka kawo a 2021 yana raba fitar da bidiyo ga ƙwaƙwalen kwamfuta su yi firam da yawa lokaci guda, amma kowane firam yana son nasa kason RAM, da 8GB ba za ka ga wani sauri ba. Shigo da siffofin 3D kai tsaye da ake ta yayatawa shi ma katin hoto yake so, kuma ba shi ne damuwarka yanzu ba.

Da ni ne kai, RAM zan fara ƙarawa zuwa 16GB in kwamfutar tana karɓa, in saka SSD, ma'ajiya mai sauri, in babu. Sannan in biya hayar wata ɗaya tak don wannan aikin, in saka kuɗin cikin lissafin hajiya. Ka dai lura wajen biya: akwai tsarin shekara da ake cira wata-wata, akwai na wata zalla. Na biyun ya fi tsada, amma shi ne kake fita ba tare da tara ba. Resolve ta kyauta kuma ka sauke ka riƙa taɓawa lokacin da babu aiki.

Shugaban Zaure:
Wanda ya turo mahaɗar sauke manhajar sata, wai "cikakkiya kyauta", na goge. Irin waɗannan ake cusa wa ƙwayar cutar da ke kulle fayiloli, mutum ya wayi gari bidiyon bikin mutane ya tafi. Kada a sake.

Ɗan Fagge:
Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Oga, na duba, a kan ƙafa aka ɗauki wurin wayar, na goge ta a Photoshop, ko minti 30 ban yi ba. Kwamfutar kuma akwai ramin RAM ɗaya a buɗe, gobe zan shiga kasuwa. Batun yarinyar ne na kira hajiya, ta ce tana nan kusa, za ta iya dawowa ranar Asabar. To wa ke da koren ƙyalle da fitila biyu a cikin Kano ya ara min na yini ɗaya?

Uwar Zane:
Akwai a wurina, ka yi min magana ta gefe. Ka dai goge shi da dutsen guga kafin ka rataya, ta tsaya nesa da shi kamar taku huɗu, kuma ka ce wa hajiya kada a zo da leshi kore.