An ce in karɓi taron zumunta a gidana, ni kuwa haya nake: ina neman shawara

Mai neman shawara, daga Sabon Gari:

Salamar Ubangiji ta tabbata gare ku, iyayena da 'yan'uwana. Ni malamar lakwal ce, 'yar Tsibiri, aiki ne ya kawo ni Damagaram. Ina zaune da yarana biyu, maigidana yana aiki a Agadas, sai hutu ke kawo shi. Kwanan nan dattawan ikkilisiyarmu suka raba mu rukuni-rukuni bisa ga unguwanni, kowane rukuni ya riƙa haɗuwa ranar Laraba da marece a gidan ɗaya daga cikinsu, a karanta Littafi Mai Tsarki a yi addu'a. Fasto ya ce tunda tsakar gidana da fili, ko zan karɓi namu. Na roƙe shi ya ba ni kwana biyu.

Mai gidan da nake haya wani Alhaji ne, mutumin kirki. Da Babbar Salla yana aiko mana da nama, da Kirsimeti mu aika masa da abinci. Ba na son in jawo abin da zai ɓata wannan zama, ga kuma labarin ƙone-ƙonen majami'u na 2015 da ba ya fita daga raina ko da yake ba na garin a lokacin. Sai tsegumi. A wani rukuni da na taɓa shiga, wata baiwar Allah ta roƙi addu'a a kan aurenta, kafin Lahadi ta zagayo har masu tallar fura sun ji. In ma an ajiye waɗannan, ina zuwa sujada, ina cikin zumuntar mata, ina fid da zakkata. Me taron mutum goma a tsakar gida zai ƙara mini?

Wani dattijon ikkilisiya:

'Yata, sannu da ɗawainiya. Abin da kike tsoro shi ne amsar tambayarki ta ƙarshe. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015 ina garin nan. Zanga-zanga ta tashi a kan zanen da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga, kafin dare an ƙone majami'u har da Mishan Katolika, washegari wutar ta kai Yamai. Wasunmu a barikin soja suka kwana. Wasu kuma maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su a ɗakunansu, kuma duk mai ba da labarin nan ya tsallake wannan bai faɗi gaskiya duka ba.

Da ƙura ta lafa muka shiga neman mutanenmu. Wanda muka san ƙofar gidansa, nan da nan muka same shi. Wanda fuskarsa kaɗai muka sani a bencin Lahadi, mun yi kwanaki ba mu san ko yana gari ko ya gudu ba, ko ya ci ko bai ci ba. Mutum ya yi shekaru muna "ina kwana" a bakin majami'a, amma ba mai iya cewa ga layinsu.

Tun 1924 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka sauka a Zinder, wato Damagaram ɗin nan. Yau shekara ɗari da ɗoriya, har yanzu mu 'yan kaɗan ne, wani a Zango, wani a Garin Malam, wani can Karakara. Mutanen da suke haka ba za su rayu da haɗuwar awa biyu a mako ba. Duba Ayyukan Manzanni 2:46: suna zuwa Haikali, suna kuma cin abinci tare gida-gida, ba su zaɓi ɗaya suka bar ɗaya ba. A sura ta 12, da Bitrus ya fito daga kurkuku cikin dare, gidan Maryamu uwar Markus ya nufa kai tsaye, don ya san can ake taruwa ana addu'a.

Batun Alhaji kuwa, kada ya ji a bakin wani. Ki ɗauki dattijo ɗaya ku je ku gaishe shi, ku faɗa masa mutum nawa, wace rana, ƙarfe nawa. Ba ganga, ba lasifika. A fara bayan la'asar, a watse kafin kiran magariba. In ya nuna bai so, ku yi masa godiya ku nemi wani wuri. Gidansa ne.

Wata uwa daga zumuntar mata:

Ƙanwata, a kan tsegumi ba zan ce miki ba ya faruwa ba. Yana faruwa, kuma da sunan addu'a ake yinsa: "ku tuna da wance, kun san halin da take ciki", alhali rabin masu ji ba su sani ba sai yanzu. A namu rukunin mun kafa doka tun ranar farko: mai damuwa shi ke faɗin damuwarsa da bakinsa, ba a kawo ta wanda ba ya nan sai da izininsa. Wadda ta fitar da magana, shugaba ya same ta ita kaɗai, kamar yadda Matiyu 18 ya tsara. Maganar aure da ta ɗaki kuma ba a gaban maza da yara ba. Mu mata mukan tsaya minti goma bayan an tashi.

Kuma kada ku yarda ku yi yawa. Da kun haura goma sha biyu, masu kunya sun yi shiru ke nan, bakin mutum uku kawai za a riƙa ji. Zumuntar mata da kike ciki tana da daɗi, ni ma ina ciki, amma ranar da muke sanye da anko muna waƙa, wa zai lura idanunki sun kumbura? Lokacin da ɗana ya kwanta a asibiti, 'yan rukuninmu ne suka raba kwana, wata ta kawo kunu, wani ya biya 'yan ga-ruwa suka cika mini randa, don a watan Afrilu ne, kun san famfon Damagaram a lokacin.

Wani magidanci, ɗan kasuwa:

Ku gafarce ni Baba, ku gafarce ni Mama, akwai abin da ba a taɓo ba. Madam ta ce maigidanta yana Agadas. A garin nan namiji baligi ba ya shiga gidan matar aure haka kawai, sai ya tsaya a zaure ya yi sallama. To kowace Laraba a ga maza huɗu biyar suna ajiye babura suna shiga gidan matar da mijinta ba ya nan? Mu mun san karatu ake, unguwa ba ta sani ba. Sunanta za a ɓata, a ɓata na Almasihu tare. Ni shawarata, ta shiga rukunin da hannu biyu, amma a yi taron a gidan da maigida yake nan. Fasto ya duba faɗin fili, bai duba wannan ba.

Abu na biyu, na ga rukunin da ya fara da karatu ya ƙare da shugaba yana karɓar baiko, yana cewa shi Ruhu yake yi wa magana, bayan shekara ya ja mutane ya buɗe tasa majami'a. Dole dattawa su riƙa leƙawa.

Wani ɗalibin Jami'ar André Salifou:

Mama, ni a kan "me zai ƙara mini" zan yi magana. Mu samarin Zinder kowa da fadarsa, inda ake dafa shayi, in ba ka zo ba kwana biyu a biyo ka gida. Da na zo karatu ba ni da irin wannan a cikin ikkilisiya, sai a waje. Rukunin ne ya zame mini fada.

A wa'azin Lahadi ba a ɗaga hannu. Na daɗe da tambayoyin da abokan ajina ke yi mini a kan Triniti (wato Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, Allah ɗaya) da mutuwar Yesu a kan gicciye, ban san wa zan kai wa ba. A rukuni na yi su, aka buɗe Littafi aka bi da ni aya-aya, wata rana ma shugaba ya ce sai ya je ya bincika. Can kuma na koyi karanta Littafi da Hausa. Da Faransanci na taso ina karantawa, ga wata tsohuwa da ba ta taɓa shiga aji na boko ba tana gyara mini ƙ da ɗ. Ita ce ta gaya mini tun 1932 aka buga shi cikakke da Hausa. Yaranki ma za su ji yadda manya ke addu'a da bakinsu, ba ta haddar lakwal ta Lahadi ba.

Wani mai bishara:

Kan kuɗi da ɗan'uwa ya ambata: ba kuɗin ne matsala ba, ɓoye lissafi ne. Rukunan John Wesley, mai wa'azin da ya kafa ɗarikar Methodist a Ingila, da kuɗi ma suka fara. A 1742 a Biristol aka raba mutane kamar sha biyu-sha biyu don tara kwabo ɗaya a mako a biya bashin ginin wurin taro. Masu zagayen karɓa suka dawo suna cewa wane ba shi da lafiya, wane ya koma shan giya, daga nan tsarin ya zama na kiwon rayuka. Ku ajiye ɗan asusu, dala ashirin ko hamsin ga mai iko, mutum biyu su riƙe, a karanta lissafi kowane wata. Kuma mai masauki ba ta dafa komai. Ruwan sanyi ya isa, in ba haka ba talaka zai ji kunyar karɓar taro a gidansa.

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na kira maigidana daren jiya, maganarsa ta zo daidai da ta Yayana ɗan kasuwa: in shiga, amma kada a yi a gidanmu sai in yana gari. Zan kai wa Fasto haka. Sai dai mu tara ne a rukunin, shida mata, kuma gidajen da ke da maigida ɗaki ɗaya ne da 'yar rumfa. Ya za a yi da yara?

Uwar zumuntar mata:

Rumfar ta ishi mutum tara, kowa ya zo da tabarmarsa. Yaran a turo su gidanki tunda da fili, 'yan mata biyu su riƙa karɓa-karɓa wajen kula da su, ke kuma ki je taron. Amma ko don yaran ma ki sanar da Alhaji, kuma a ja musu kunne kada su taɓa masa dalbejiyar ƙofar gida.