Kod kabarej: "rufi" za mu ce ko "sawun gwaji"?

Mai tambaya, Jidda: Assalamu alaikum. Ana rubuta jagora da Hausa don ƙannenmu masu koyon haɗa manhaja. Me za mu kira kod kabarej, wato kason layukan manhaja da gwaje-gwaje suka bi ta kansu? Abokan aikinmu Larabawa suna cewa tagɗiya. Mu ce "rufi" ke nan?

Injiniya, Riyad: Wa alaikumus salam. Rufi zai ɓatar da masu koyo. Wanda ya ji an rufe kashi 90 cikin 100 zai ɗauka an tsare layukan daga kuskure, alhali layin da aka gudanar kawai ake ƙirgawa. Rubuta gwajin da zai kira aiki ba tare da duba amsarsa ba, coverage.py, ma'aunin kabarej na Python, zai lissafa layukan nan duka. Ni "sawun gwaji" nake so. Sawu yana nuna an taka wuri, ba ya nuna an bincika shi.

Hajiya, Dammam: Malam Injiniya, sawu ya zauna, kuma ana iya gina wasu a kansa: sawun layi, sawun reshe. Na biyun ya fi muhimmanci. Sharaɗin if da ba shi da else, in gwaji ya shiga ta ɓangaren gaskiya kawai, sawun layi zai nuna kashi 100, amma reshe ɗaya cikin biyu aka bi. A coverage.py sai an sa branch = True a fayil ɗin .coveragerc. JaCoCo na Java kuwa da kansa yake ƙirga rassa.

Ɗan Madina: Hajiya, a baki dai kabarej za a ci gaba da cewa. Na fi karkata ga "mamaya".

Hajiya, Dammam: Mamaya ta yaƙi ce, ƙanena, mai karatu zai ji an ci wurin gaba ɗaya. Matsalar rufi ce ta dawo.

Injiniya, Riyad: Ga yadda kalmar za ta shiga jagorar, a babin rahoton da ke fita da kansa. Babbar manhaja akan raba gwajinta, mu ce ga injuna 8 a GitLab CI ko Jenkins, masu gudanar da gwaji da kansu. Kowane inji ya rubuta fayil ɗin sawunsa da parallel = True. A matakin ƙarshe a tattaro su, a haɗa su da coverage combine, sannan a fitar da rahoto da coverage xml. Wurare biyu ake tuntuɓe. In hanyar fayil ta bambanta tsakanin injuna, fayil guda zai fito kamar biyu, kason ya faɗi; maganinsa relative_files = True. In kuma inji ɗaya ya mutu bai miƙo nasa ba, haɗawar ba za ta tsaya ba, rahoto ya fito da gibi. Don haka a ƙirga fayilolin tukuna, in ba su cika 8 ba a dakatar da aikin.

Ɗan Madina: To na sallama. Ku ƙara na masu C da C++: a harhaɗa da --coverage da -O0 mai kashe inganta gudu, domin inganta gudu yana cakuɗa layuka. Fayilolin .gcda masu ajiye ƙirgen sai shirin ya fita lafiya ake rubuta su, wanda aka kashe da ƙarfi da SIGKILL ba ya barin sawu. Kuma a share na jiya da lcov --zerocounters, in ba haka ba ƙirgen yana taruwa.

Mai tambaya, Jidda: Allah ya saka. Saura sunan iyakar da fail_under ke sawa, wato kason da in ba a kai shi ba aikin zai faɗi.

Hajiya, Dammam: "Shingen sawu". Amma kada a ɗora kashi 80 a kan tsohuwar manhaja dungurungum, mutane za su koma rubuta gwajin banza don su tsallake. A ɗora shi kan sababbin layuka da diff-cover, mai auna layukan da aka canza kawai, a kuma yi amfani da omit a cire kod ɗin da inji ya haifar daga ƙirgen.