Musayar Waƙa a Kan Makaman Yaƙin Arewa maso Gabas

Malamin Mubi:

Assalamu alaikum. Na buɗe wannan zaure da baitoci a kan shekarun da garuruwanmu suka riƙa faɗawa hannun Boko Haram ɗaya bayan ɗaya, alhali sojojin da ke fagen fama suna kukan cewa makaman da ke hannunsu ba su kai na abokan gaba ba. Amsa-amon da na ɗauka shi ne "wa", kuma ina roƙon duk wanda zai amsa ya riƙe shi.

Da sunan Allah na fara, Sarki Mai iko,
Wanda ba ya barci kuma ba ya mantawa.

Tsira da aminci ga Manzo da alayensa,
Da masu bin tafarkinsa ba karkacewa.

A Fabrairun 2014 Gwamnan Borno Kashim Shettima
Ya je Abuja ya yi magana ba ɓoyewa.

Ya ce 'yan ta'adda sun fi sojanmu makamai,
Sun kuma fi su ƙwarin gwiwar fafatawa.

Maimakon a je a duba rumbun makamai,
Sai fadar gwamnati ta tashi da musantawa.

Watan Agusta Gwoza ta shiga hannunsu,
Shekau ya ce daula ce yake kafawa.

A watan nan ne ɗaruruwan sojojinmu
Suka tsallaka Kamaru don tsira da rayuwa.

Oktoba na ƙarewa suka shigo Mubi,
Muka bar gida da ƙafa, ba waiwayawa.

Janairun 2015 aka ci garin Baga,
Har da sansanin rundunar haɗin gwiwa.

Ina tambayar shugabannin tsaro na lokacin:
Kuɗin da aka ware, ina suke shigewa?

Tsohon Saje:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya mayar muku da alherin abin da kuka rasa. Ni tsohon soja ne, kuma ko da yake ban ƙaryata ko baiti ɗaya daga cikin naka ba, akwai abin da wanda bai kwana a ramin tsaro ba zai iya rainawa.

Malam, kukanka ya shiga zuciyata,
Ni ma na sa kaki tun cikin ƙuruciyata,
Na san nauyin bindiga a kan kafaɗata,
Don haka ka ba ni izinin amsawa.

Lokacin yaƙi magabci yana kasa kunne,
Ƙorafin da soja ya yi a fili nasa ne,
Ya gane gefe mai rauni da inda ake zaune,
Can zai auka kafin gari ya soma wayewa.

A Mayun 2014 a barikin Maimalari,
An kawo gawarwakin waɗanda aka kai wa hari,
Sojoji suka harbi motar kwamanda a sarari,
Wannan aiki ne da ba ni iya karewa.

Kuma a shekarar nan an nemi jirage,
Cobra, masu saukar ungulu, domin a rage
Ƙarfin 'yan ta'adda, sai Amurka ta toge,
Ta hana Isra'ila kammala sayarwa.

'Yar Gwange:

Baba Saje, barka da war haka. Ni 'yar Maiduguri ce, kuma ina neman afuwa idan na sa baki cikin zancen manya.

Baba, da girmamawa nake yin magana,
Kakin da ka sa ya fi ƙarfin rainawa.

Harbin kwamanda ni ma ban yarda da shi ba,
Amma akwai wata rana da ba na mantawa.

Watan Agusta matan sojoji a barikin Giwa
Sun tare ƙofa, sun ƙona taya, suna kokawa.

Sun ce ba za a kai mazajensu Gwoza ba
Sai da makaman da suka isa tunkarawa.

Mace ba ta fita rana da 'ya'yanta a gefe
Don ta faranta ran magabci mai kashewa.

Satumba aka yanke wa sojoji 12 hukuncin kisa,
Disamba 54 suka biyo, kan ƙin fita fafatawa.

Sai ga Alex Badeh, babban hafsan tsaro,
A Yulin 2015, yana bankwana zai wucewa,

Da bakinsa ya ce rundunar da ya jagoranta
Ta rasa kayan yaƙi da abin ƙarfafa gwiwa.

Abin da kurtu ya faɗa aka kai shi kotu,
Babba ya faɗa a taro aka yi saurarawa.

Disambar 2015 aka sassauta wa 66,
Shekara goma a kurkuku maimakon harbewa.

Idan asiri ne kake tsoron ya fita, Baba,
Magabci ya riga ya gani ranar karawa.

Ɗalibin Shari'a:

Gaisuwa ga Malam, da Baba Saje, da Yaya ta Gwange. Ina so in ƙara wa Baba bayani ɗaya game da jiragen nan: daga cikin dalilan da Amurka ta kafa akwai zargin take haƙƙin ɗan Adam da ake yi wa rundunar sojan Najeriya a lokacin, wanda shi ma al'amari ne da ke wuyan shugabanci. Batun kuɗi kuwa, wajibi ne mu faɗe shi da adalci, domin zargi daban ne, hukunci daban.

Satumbar 2014 a Afirka ta Kudu
An kama jirgi da tsabar kuɗi ba bayyanawa.

Dala miliyan 9.3 aka ƙirga a cikinsa,
Aka ce na sayen makamai ne ake kaiwa.

Disambar 2015 aka kama Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro,
Kan dala biliyan 2.1 ake tuhumawa.

Ya musanta laifin, kotuna suka ba da beli,
Aka riƙe shi shekara huɗu ba sakewa.

Ni tsarewar nan ma ban kira ta adalci ba,
Umarnin alƙali ba abin wasa ne da takewa.

Abin da ke ci mini rai, kotun soja
Cikin watanni ta gama da kurtu da yankewa,

Shari'ar kuɗin makamai kuwa shekara da shekaru
Ana ɗagawa, ana komawa, ana sake ɗagawa.

Malamin Mubi:

Na gode, ɗana. Kada kuma a ɗauka gwamnati ɗaya nake nufi, domin sauyin 2015 bai kawar da kukan ba.

Nuwamban 2018 aka auka wa sansanin soja na Metele,
Kwamandan bataliya na cikin masu rasuwa.

Maris ɗin 2020 Janar Olusegun Adeniyi
Ya yi bayani a bidiyo daga fagen gwabzawa,

Ya nuna irin ruwan wutar da ake yi musu,
Da motocin yaƙinsa da ke lalacewa.

Aka ɗauke shi daga jagorancin rundunar Lafiya Dole,
Aka kai shi kotun soja don gurfanawa.

Jiragen yaƙi na Super Tucano 12 sai a 2021 suka iso,
Bayan kaburbura sun cika da binnewa.

Tsohon Saje:

Malam, batun Adeniyi ya ɗaure mini harshe, domin janar ne, ba kurtu ba, kuma a gaban wuta yake tsaye lokacin da ya yi maganar. Ban sauka daga ra'ayina a kan harbin kwamanda ba, amma 'yata ta Gwange ta fi ni gaskiya a kan matan Giwa.

Metele ce ke hana ni barci har yanzu,
Rundunar ta ce sojoji 23 ne suka rasu, labari ya bazu,
Rahotanni suka ce adadin ya wuce haka, sun matsu,
Iyaye na jiran labari ba mai kawowa.

Roƙona ga hedikwatar tsaro ɗaya ne,
A fito da sunan kowane yaro, ko na wane ne,
A faɗa wa matarsa a wane kabari yake kwance ne,
A biya marayunsa haƙƙinsu ba jinkirtawa.