Yaronmu ya samu ABU, me za mu faɗa masa?

Kawun Yaro: Salamu alaikum jama'a. Ɗan yayata ya samu gurbi a ABU Zariya, fannin aikin gona. Shi ne na farko a gidanmu da zai taka jami'a, ko kwana a birni bai taɓa yi ba. Waɗanda suka yi can, ku taimaka mana da shawara.

Tsohon Ɗan Samaru: Wa'alaikumus salam Kawu, Allah ya sanya albarka. Ya fara tabbatarwa ya karɓi gurbin a shafin JAMB. Kuɗin rajista ya biya da hannunsa, kada ya damƙa wa wani wai zai biya masa. Kowane rasit ya yi masa kwafi, ɗaya ya zauna a gida.

Maman Ɗalibai: Ni maganar ciki zan yi. A haɗa masa garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yaji, wake da ƙaramar tukunya. Ɗalibin da ya iya dafa garau-garau ba ya kwana da yunwa. Sauran cefane kasuwar Samaru na kusa.

Malama: Abin da ya fi kayar da yaran ƙauye kunya ce. Malami yana zuba Turanci, yaro bai kama ba, yana tsoron ɗaga hannu kada 'yan birni su yi dariya, sai ya koma can baya ya yi shiru har jarrabawa ta zo. Kawu, ka ce masa ya zauna gaba, ya yi tambaya ko Turancin ya karye. Makin ajin farko yana bin mutum har ya gama. Ya kuma saba da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim tun makon farko.

Ƙaninku: Ya nemi lamunin NELFUND, wato bashin karatu da gwamnatin tarayya ke ba ɗalibai, da aka fara a 2024. Babu kuɗin ruwa, suna biyan kuɗin makaranta, ga naira 20,000 duk wata. Biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa.

Tsohon Ɗan Samaru: Amma a riƙa masa na wata biyun farko, kuɗin ba ya fitowa ranar da aka nema. Yana sauka ya nemi ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukumarku, su za su nuna masa kan gari.

Malama: Ku ma na gida kuna da aiki. Kada ku fara kiransa kan taki ko kuɗin biki don ya shiga jami'a. Ku kira ku tambaye shi ko ya ci abinci.

Kawun Yaro: Wallahi Malama kin taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Yau zan karanta wa uwarsa wannan. Na gode, Allah ya bar zumunci.