Genshin Impact ya kai yadda ake zuzuta shi, ko in riƙe kuɗina?

Ɗan Garin Malam:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka buga Genshin Impact da hannunsu. Ni ɗinki nake koyo kusa da Kasuwar Dole a nan Damagaram, ina tara ɗan abin da maigida yake ba ni don in sayi keken kaina. To a fadarmu yanzu ba a da zance sai na wasan nan: wai babu kamarsa a salula, duniya ce guda za ka shiga, ka hau duwatsu, ka yi iyo, ka yi shawagi a sama, kuma duk kyauta. Ina son wasan faɗa mai labari ƙwarai da gaske, abin ya shiga raina. Salulata RAM 4 ce, memwar giga 64, rabi ya cika da hotunan ɗinkin da nake nuna wa masu kawo aiki. Abokina ya ce in sayar da ita, in cika jika 60 daga kuɗin keken in sayi babba. Don Allah ku faɗa mini tsakani da Allah, wasan ya cancanci wannan yabo? Ya kai a taɓa kuɗin sana'a saboda shi?

Mai gyaran salula, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni ta fannin aikina zan yi magana. Wasan ya haura giga 20 a salula, kuma duk mako shida sai sun fito da sabon ƙari da dole ka sauke kafin ka shiga. Ba ya tashi sai da intanet, ko kai kaɗai kake bugawa. Sabar da suke da su, wato manyan kwamfutocin kamfanin da salularka take haɗuwa da su, ta Amurka ce, da ta Turai, da na Asiya. Babu ta Afirka, mu ta Turai muke kamawa. In rezo ya yi rauni, sai ka kai sara ka ga abokin gaba bai ji ba sai bayan ɗan lokaci. RAM 4 za ta buɗe shi in ka sauke ingancin hoto ƙasa gaba ɗaya, amma zai riƙa tsinkewa a tsakiyar faɗa. Sannan zafi. A watan Afrilu da Mayu garin nan yana wuce digiri 40, salula tana ɗaukar zafi tun kafin ka buɗe komai. Ka ɗora mata wannan wasa, kana bugawa tana jone da caja, batir ne zai kumbura ya ɗaga murfin baya. Irin su ake kawo mini, in danna bayan da yatsa in ji yana lotsawa.

Ɗalibi a Jami'ar André Salifou:
Duk abin da yayanmu mai gyara ya faɗa haka ne, amma kar a tauye wa wasan haƙƙinsa. Ni na daɗe ina bugawa, kuma ina cewa yabon bai zo a banza ba. Kamfanin miHoYo na birnin Shanghai a ƙasar Sin ne ya fitar da shi a 28 ga Satumba 2020. A shekarar Apple da Google duk suka zaɓe shi gwarzon wasanninsu, a 2021 kuma ya ci kyautar wasan salula a The Game Awards. Kafin shi, mutane ba su ɗauka salula za ta iya ɗaukar duniya mai faɗi haka ba.

Abin da ya riƙe ni shi ne faɗan. Mutum huɗu kake tafiya da su, kana sauya su a tsakiyar gumurzu, kowa da ƙarfinsa cikin guda bakwai: wuta, ruwa, iska, lantarki, tsiro, ƙanƙara, ƙasa. Ka jiƙa dodo da ruwa, ka sauya zuwa mai ƙanƙara, nan take ya daskare a tsaye. Ka jiƙa shi ka kawo mai wuta, dukan ya ƙaru da rabi. In ana ruwan sama a cikin wasan, kowa ya riga ya jiƙe, lantarki sai ya riƙa tsalle daga wannan zuwa wancan. Har ciyawa tana kamawa da wuta, iskar zafin ta ɗaga ka sama ka buɗe fiffike ka faɗo musu a ka. Wannan lissafi ne mai daɗi, ba danna maɓalli ɗaya kawai ba. Ranar da na fara shiga hamadar Sumeru, da na ga tudun rairayi da guguwar ƙura, sai da na tsaya ina kallo, don ya yi mini kama da hanyar Tanut lokacin hunturu.

Inda yake gajiyarwa kuwa surutu. Akwai wata ƴar ƙaramar abokiyar tafiya, Paimon, tana maimaita maka abin da aka gama faɗa yanzun nan. Wani labarin sai ka yi kusan awa kana danna "gaba" ba ka zare takobi ba. Rubutun akwai Faransanci, muryoyin kuma Ingilishi, Sinanci, Japananci ko Koriyanci. In karatun Faransanci yana yi maka nauyi, rabin daɗin labarin ya wuce ka.

Yaya mai shagon turare, Zango:
Ƙanena, kalmar "kyauta" ɗin nan nake so ka tsaya a kanta da lissafi. Shiga kyauta ne, gaskiya. Amma jaruman da kake gani a bidiyo suna share fili, ta hanyar ƙuri'a ake samun su. Jefa ɗaya tana cin duwatsun wasan 160. Damar fitowar mai tauraro biyar, wato jarumi mafi daraja, a jefa ɗaya kashi 0.6 ne cikin 100. Sun yi alkawarin ba za ka wuce jefa 90 ba ka samu ba, yawanci yana fitowa bayan 70 da wani abu, amma ko ya fito, rabi da rabi ne ya zama wanda kake nema. In ka faɗi, sai ka sake wani zagayen. Jefa 90 duwatsu 14,400 ke nan. Wanda zai saye su da kuɗi zalla, kusan dalar Amurka 200 zai kashe, sama da jika 100 a kuɗinmu. A kan mutum ɗaya na cikin wasa.

Kada ka ce kai ba za ka saya ba ka tsaya nan. An gina shi ne yadda zai riƙa jan ka: jarumi yana zuwa na mako uku ya tafi, kana ganin kwanaki suna raguwa. Akwai ɗan kati na wata, dalar Amurka 4.99, kusan jika 3, wanda sai ka shiga kullum kake karɓar rabonka na ranar. Cikin ƙasa da wata shida da fitowarsa ya tara sama da dalar Amurka biliyan 1 a salula kaɗai. A Janairun 2025 kuma hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta sa kamfanin biyan dala miliyan 20 kan yadda ake sayar wa yara ƙuri'ar, aka hana sayar wa ƴan ƙasa da shekara 16 sai da izinin iyaye.

Ɗalibi a Jami'ar André Salifou:
Yaya, lissafinki daidai ne. Sai dai a ƙara da cewa ana gama labarin da jaruman da ake bayarwa kyauta. Kaeya, Lisa, Amber, Barbara da Xiangling duk ba a sayen su, kuma Xiangling har manyan ƴan wasa suna ji da ita. Ni ko dala ban taɓa sakawa ba.

Baba Malam, Birni:
Ɗana, ni ba na buga wasa, amma ina da ƴaƴa masu yi. Abu biyu zan ce. Sa kuɗi a kan abin da ba ka san me zai fito ba, ka tambayi malaminka hukuncinsa kafin ka kusance shi. Ni ban ga bambancinsa da caca ba. Na biyu, na leƙa na ga shigar wasu matan cikinsa ba ta dace da tarbiyyarmu ba, kuma labarin cike yake da zancen alloli da gumaka. Ka san abin da kake kallo, kar kuma ya ci maka lokacin salla ko na maigidanka. Kuɗin keke kuwa kar ka taɓa. Allah ya yi wa sana'arka albarka.

Ɗan kabu-kabu, Karkada:
Aboki, in faɗa da labari kake so, salularka ta yanzu ta ishe ka. Wasannin PSP, tsohuwar na'urar wasa ta hannu ta kamfanin Sony, suna tafiya a salula ta manhajar PPSSPP ba intanet. Ga misali biyu: Crisis Core: Final Fantasy VII na 2007 ne, Monster Hunter Freedom Unite kuma ya fito ƙasashen waje a 2009. Faifan PSP bai wuce giga 1.8 ba, don haka ba su cin wuri. Ko an ɗauke kuran, ko forfe ya ƙare, kana bugawa.

Ɗan Garin Malam:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, amin, na ji kuma kuɗin keke yana nan inda yake. Amma raina yana so in ga wasan da idona ko sau ɗaya. Akwai hanyar da zan gwada ba tare da na ƙone forfe ba?

Mai gyaran salula, Sabon Gari:
Akwai. Ka fara kwashe hotunan ɗinkin zuwa katin memwar, ka bar aƙalla giga 30 a sake. Ka sauke shi inda akwai wifi, da dare, kar ka yi da forfe. Wajen rajista ka zaɓi sabar Turai, don ba a ɗauke ci gaba daga wata saba zuwa wata, kuma sai kuna saba ɗaya da abokanka za ku iya haɗuwa, shi ma sai ka kai mataki na 16. Ka sa hoto a mafi ƙanƙanta, ka cire rigar salular, kar ka buga tana caji. Ka ba shi mako guda a yankin farko, Mondstadt, har ka yi faɗa da dodon iska. In salular ta riƙa zafin da ba ka iya riƙe ta, ka goge shi a ranar.