Yadda Za a Nuna wa Yara Girman Sararin Samaniya

A wata fada, wato majalisar hira, da ke Yamai an tattauna kan yadda za a fahimtar da yara girman sararin samaniya, kuma akasarin masu magana sun yarda kada a fara da manyan lambobi. Ka ce wa yaro rana na da nisan kilomita miliyan 150, kai kawai zai gyaɗa.

Wani malamin makaranta ya ce a fita fili. A ajiye ƙwallon ƙafa a matsayin rana, a yi taku kamar mita 24, a ɗora ƙwayar gero a tafin hannun yaron, a ce ga duniyarmu. A wannan ma'auni, tauraro mafi kusa da rana, Proxima Centauri, yana can sama da kilomita 6,000, nisan da ya zarce Yamai zuwa Makka. Wannan shawarar ce ta fi burge ni.

Wasu suka ce a auna da haske, mai gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa: daga wata ya iso cikin daƙiƙa ɗaya da ɗoriya, daga rana minti 8, daga taurarin Kaza da Ƴaƴanta fiye da shekara 400.

Wani dattijo ya ce: "Ku dai fitar da su bayan gari, inda babu fitilu, a daren da ba farin wata." Ya ƙara da cewa a gaya musu Zara ba tauraruwa ba ce, wata duniya ce mai kewaya rana. Kuma kada a bar yaro ya kalli rana kai tsaye, tana lalata ido.